Waiwaye: Yadda Karatun Mataimakin Likita a Amurka Ya Tashi Daga Satifiket Zuwa Digiri Na Biyu

Tun ƙarshen 2025 ake ta kai ruwa rana a Amurka kan rancen karatu na masu neman zama mataimakan likita, waɗanda ake kira PA a taƙaice, wato ma'aikatan lafiya masu duba marasa lafiya da rubuta magani tare da likita. Dokar da aka sa wa hannu a watan Yulin 2025 ta ce daga 1 ga Yuli, 2026, ɗalibin da ya wuce digirin farko ba zai ranci fiye da dala 20,500 a shekara daga gwamnatin tarayya ba, jimilla kuma dala 100,000. Masu karanta wasu fannoni da aka ware, irin su likitanci, haƙori, haɗa magunguna da lauya, an ba su dala 50,000 a shekara har zuwa 200,000. A jerin da aka gabatar a ƙarshen shekarar, babu sunan mataimakin likita. Ƙungiyoyin sana'ar suka yi ca, domin a makarantu masu zaman kansu da dama kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala 100,000, ban da haya da abinci.

Mai bin labarin daga nesa zai ɗauka rana ɗaya abin ya faɗo. Amma ruwa ba ya tsami banza. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, yaya aka yi sana'ar da aka kafa domin tsohon soja marar digiri ta koma wadda sai da bashi mai nauyi ake shiga?

Farkon labarin sananne ne. A 1965 Dakta Eugene Stead na Jami'ar Duke, a jihar Karolina ta Arewa, ya ɗauki mutum huɗu da suka yi aikin jinya a rundunar sojan ruwa, ya ba su horon shekara biyu. Uku suka kammala ranar 6 ga Oktoba, 1967. Ƙauyukan Amurka na fama da ƙarancin likitoci, ga kuma samari na dawowa daga yaƙin Biyetnam sun iya ɗinki da tsayar da jini, amma ba su da takardar da za ta ba su aiki a asibitin farar hula. Cikin abin da ya ƙarfafa wa Stead gwiwa har da wani Baƙar fata, Buddy Treadwell, wanda bai shiga makarantar likitanci ba, a hannun wani likitan karkara ya koyi aiki har yana riƙe masa asibiti in ya yi tafiya. A 1969 Dakta Richard Smith ya buɗe shirin MEDEX a Jami'ar Washinton da irin wannan manufa. Jarrabawar ƙasa ta zo a 1973. Jihar Misisipi ce ta ƙarshe da ta amince da sana'ar, a 2000. Wannan duk yana cikin kowane taƙaitaccen tarihi.

Abin da ake tsallakewa shi ne shekara ashirin ɗin da ke tsakanin 1990 da 2010. Kafin lokacin, takardar da mutum ya fita da ita ba ta da wani tasiri. Wata makaranta satifiket take bayarwa, wata difloma ta kwalejin shekara biyu, wata digirin farko. Jami'ar Kolorado ta fara ba da digiri na biyu tun 1973, amma ta daɗe kusan ita kaɗai. Dukkansu jarrabawa ɗaya suke zaunawa, wanda ya ci ya zama PA. Abin alfaharin sana'ar ke nan a wancan zamani: a gwada abin da ka iya. Ma'aikacin motar ɗaukar marasa lafiya da ya shekara goma yana aiki, ko ma'aikaciyar jinya ta ƙauye mai 'ya'ya uku, na iya shiga kwaleji mai arha kusa da gida su fito da lasisi.

Sannu a hankali wannan ya sauya, kuma dalilan ba marasa tushe ba ne. Ɗalibin PA yana shafe kusan wata 27 babu hutun kirki, shekara guda a aji, sannan kimanin awa 2,000 yana zagaya sassan asibiti, daga tiyata zuwa haihuwa zuwa sashen gaggawa. Nauyin da ke kansa ya fi na masu digiri na biyu a fannoni da yawa, ga shi ana sallamarsa da satifiket. Malamai da ɗalibai suka ga akwai ƙwara a ciki. A gefe guda kuma maƙwabta suna hawa: manyan ma'aikatan jinya masu duba marasa lafiya sun koma digiri na biyu, masu haɗa magunguna sun koma digirin dakta, masu gashin ƙashi na bin sahu. In aka je majalisar jiha neman izinin rubuta magani, ko aka zauna cinikin albashi, wanda takardarsa ta fi ƙanƙanta shi ake rainawa.

Sai kuma kasuwa ta buɗe. Dokar kasafi ta 1997 ta sa inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnati biyan kashi 85 cikin 100 na kuɗin likita a kan aikin da PA ya yi, a kowane irin wurin aiki. Ɗaukar PA ya zama riba ga asibitoci, masu neman gurbi suka yi yawa, kuma da yawansu sun riga sun mallaki digirin farko. Makarantun da ke koyar da fannin, waɗanda ba su wuce hamsin da 'yan kai ba a farkon shekarun 1990, sun haura ɗari kafin 2000. Sabuwar makaranta kuwa ba za ta buɗe da satifiket ba alhali ta kusa da ita na tallan digiri na biyu. Babu wanda ya zauna ya yanke cewa a rufe wa tsohon soja ƙofa. Kowa ya ɗauki matakin da ya dace da halin da yake ciki, jimillar matakan ce ta rufe ta.

A 2009 an yi babban taron masu ruwa da tsaki kan batun ko PA ma ya koma digirin dakta, aka tashi a kan cewa digiri na biyu ne matakin shiga sana'ar. Ƙa'idojin tantance makarantu na 2010 suka ba makarantun da ba su koma ba wa'adi: duk ɗalibin da ya shiga bayan 2020 digiri na biyu za a ba shi. A gaskiya hatimi kawai aka buga a kan abin da ya riga ya faru, don mafi yawan makarantu sun daɗe da komawa. Kwalejojin shekara biyu da suka rage, wasu suka haɗa gwiwa da jami'o'i, wasu suka nemi izinin ba da digirin da kansu, wasu suka rufe shirin.

Abin lura shi ne abin da ya sauya da wanda bai sauya ba. Tsawon karatun yana nan kusan yadda yake. Jarrabawar fita ɗaya ce. Tsofaffin da suka fito da satifiket suna nan suna aiki kafaɗa da kafaɗa da sababbi. Ƙofar shiga ce ta sauya: shekara huɗu na digirin farko da bashinsa, maki mai kyau a kimiyya, awa dubu ɗaya ko biyu na kula da marasa lafiya da makarantu da yawa ke nema, sannan kuɗin makaranta na matakin gaba da digiri.

Me ya sa ba a ji zafin wannan ba tun lokacin? Saboda daga Yulin 2006 an buɗe wa masu karatun gaba da digiri wani rancen gwamnati da ke ba su damar karɓar duk abin da karatun zai ci, har da haya da abinci. Hawan takarda da buɗewar rance sun zo kusan a tare, ɗaya ya rufa wa ɗaya asiri. Ɗalibi ya sa hannu da sanin cewa albashin PA na da tsoka (a 2023 matsakaicinsa ya kai wajen dala 130,000 a shekara), zai biya. Makaranta ta ƙara kuɗi ba ta rasa masu nema ba. Wannan rancen ne dokar 2025 ta soke ga sababbin ɗalibai.

Yau makarantun sun haura 300, masu lasisi sun wuce 170,000, kusan kashi 70 cikin 100 mata ne. Waɗanda ke aikin kula da lafiya a matakin farko, wato aikin da aka ƙirƙiro sana'ar dominsa, ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, alhali a tsakiyar shekarun 1990 kusan rabi ne. Ba digiri ne kaɗai ya jawo haka ba, domin sassan tiyata da fata da gaggawa sun fi biya, kuma likitoci ma can suka karkata. Amma mai bashin dala dubu ɗari da ɗoriya ba shi da zaɓi irin na wanda ya fito daga kwalejin garinsu ba a binsa ko sisi.

Hawan kuma bai tsaya ba. Rundunar sojan ƙasa tare da Jami'ar Baylor sun yaye rukunin farko na masu digirin dakta a wannan fanni a 2007, wasu jami'o'i suka biyo baya da nasu ga waɗanda ke bakin aiki. A 2021 babbar ƙungiyar sana'ar ta kaɗa ƙuri'ar sauya suna daga mataimakin likita zuwa abokin aikin likita, jihar Oregon ta fara sa shi a doka a 2024. Wasu a cikin sana'ar na kiran a mayar da dakta matakin shiga, da hujjojin da suka yi kama da na shekarun 1990: nauyin karatu, maƙwabta sun hau, ana raina mu. Masu shiga aji daga Yulin 2026 kuwa, in jerin bai sauya ba, gibin da ke tsakanin dala 20,500 da ainihin kuɗin shekara sai su cike shi daga bankuna masu zaman kansu, waɗanda ke duba tarihin bashin mutum, sau da yawa kuma su nemi wanda zai tsaya masa.