Me ake nufi da "labarin shafar aljani" a adabin ban tsoro?

Masu bibiyar littattafai da finafinan ban tsoro suna ware wani rukuni da ake kira labarin shafar aljani. Shi ne labarin da mugun abu ba ya fitowa daga daji ko kabari, sai dai ya shige jikin wanda ka sani ya yi zamansa. Fuska tana nan, murya tana nan, amma mai su ya ɓace. A labarin fatalwa kana iya tattara komatsanka ka bar gidan. A nan kuwa gudu na nufin ka bar naka a hannun abin da ke cin sa.

Wanda ya kafa wa rukunin tsari shi ne The Exorcist na William Peter Blatty, littafin da ya fito a 1971, William Friedkin ya mayar da shi fim a 1973. Yarinya ce 'yar shekara 12 ta sauya hali, likitoci suka yi iya yinsu suka gaza, uwarta ta nemo limaman cocin Katolika biyu. Tun daga nan yawancin labaran suke bin sawunsa.

Amma akwai reshen da ya fi taɓa mini zuciya, wato inda mai fafutukar ceton ba uwa ba ce, ba malamin addini ba ne, ƙawa ce kawai. Uwa jini ya ɗaure ta, limami aikinsa ne. Ƙawa fa? Babu abin da ya hana ta juya baya, kuma kowa zai ce ta yi daidai. Shi ya sa aljanin irin wannan labari ba ya ɓata lokaci wajen jujjuya kai ko tashi sama. Makaminsa sirrin da aka gaya wa juna cikin dare, wanda zai tona a bainar jama'a da bakin aminiyar, har mai sauraro ta rasa gane wa ke magana: ita ce ko shi ne?

Marubuci Grady Hendrix ya yi wannan da kyau a littafinsa My Best Friend's Exorcism na 2016, wanda ya gina a birnin Charleston na Amurka a 1988, zamanin da tsoron masu bautar Shaiɗan ya cika ƙasar. Abby da Gretchen sun ƙulla abota ne ranar bikin cikar Abby shekara 10, inda duk waɗanda ta gayyata Gretchen kaɗai ta zo. Bayan shekaru, Gretchen ta daina wanka, ta daina sauya kaya, tana wari, mutane suna gudun ta. Sai rana ɗaya ta bayyana fes, kyakkyawa, kowa na son zama kusa da ita. Iyaye da malamai suka ce ta warke. Abby ce kaɗai ta gane lamarin yanzu ya ɓaci, domin ita ta san ainihin Gretchen ciki da bai. Fim ɗin Jennifer's Body na 2009 ma kan wannan turba yake, sai dai a can abotar ba ta tsira ba.

A ƙarshen littafin Hendrix, mutumin da ya zo fitar da aljanin ya tsorata ya gudu, ya bar Abby ita kaɗai da ƙawarta a ɗaure kan gado. Addu'o'in da ya bar mata ba su kai ta gaci ba. Sai ta koma kiran abubuwan da suka haɗa su tun suna yara, waƙoƙin da suka saurara tare da finafinan da suka kalla, tana lissafo su ɗaya bayan ɗaya, har Gretchen ta dawo.