Barbarar fure: abin da ake nufi, da abin da masu falaza a Abuja suka ɗauka

Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 20 ga Mayu a matsayin ranar ƙudan zuma, aka fara bikinta a 2018, maganar "barbarar fure" ta shiga bakin 'yan rediyo da masu jawabi a taron dashen itatuwa. Yanzu har masu tallar shaguna a Wuse da Jabi sun ara, wai harabarsu "gidan ƙwari masu barbara" ce, don sun jera tukwanen fulawa a bakin ƙofa.

Ma'anar ba wuya. Garin da ke ɓangaren namijin fure ne ake kaiwa ɓangaren mace, sai shuka ta yi 'ya'ya. Masara da gero iska ke yi musu. Kankana da kabewa da kokwamba kuwa sai ƙwaro ya sauka ya tashi. Rahoton masana na duniya na 2016 ya ce kusan kashi 75 cikin ɗari na nau'o'in amfanin gona suna dogara da barbarar da ƙwari da dabbobi ke yi ko da kaɗan ne.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda aka mai da zancen na ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi kawai, wato masu kyan hoto. Ɗauki ɗorawa. Furenta jan curi ne mai rataye, da dare yake tsiyayar zaƙi, kuma babban baƙonsa jemage ne. Yana tusa fuska yana lasa, garin ya manne masa a gashi, ya kai wata bishiyar. Daga nan kalwa, daga kalwa daddawar da ke cikin miyarka. Kukar miyar ma farin furenta da dare yake buɗewa saboda jemagen nan da yara ke jifa. Mangwaro kuwa, ƙuda na cikin masu yi masa aiki, ƙudan da muke kora. A Malesiya leburori ne ke yi wa kwakwar manja barbara da hannu, sai a 1981 aka kai musu wani ɗan mitsitsin ƙwaro daga Kamaru, ya karɓe aikin. Babu mai sa hotonsa a allon talla.

To, je ka duba sabuwar falaza. An sare ɗorawar da aka tarar a filin, an shimfiɗa intalok, wato daɓen bulon siminti, har jikin katanga, an kawo ciyawar da ake aske wa kai duk mako, wani wurin ma ta roba ce. Bogenbiliya, fulawar adon da ake taƙama da ita, abin nan mai launi ganye ne, ainihin furen ɗan tsito ne a tsakiya. Sannan ƙarshen wata mai feshi ya zo da tankinsa a baya ya bi shukokin kaf, da sunan maganin sauro. Maganin bai san sauro daban, ƙudan zuma daban ba.

Intalok ɗin nan ya fi komai ɓarna, ga shi ba a ambatonsa. Nau'in ƙudan zuma a duniya ya haura 20,000, kuma akasarinsu ba sa zama a amya, ba sa yin zumar da za ka sha. Kowace ita kaɗai take, galibi rami take haƙawa a ƙasa ta yi ƙwai. Ka rufe ƙasa da siminti, ka raba ta da gida, ko lambu guda ka dasa mata.

Mai falazar da yake da gaske, kuɗin da zai kashe bai kai na ciyawar roba ba: ya bar tsohuwar bishiya, ya bar kusurwa ɗaya ƙasa tsirara, ya sa zogale da gwaiba da lemun tsami da ɗoɗɗoya, ya lura a samu mai fure har cikin rani, lokacin da Abuja ke bushewa ƙurmus. Feshi kuma a kai shi kwata da lambatu inda sauron yake ƙyanƙyasa, ba kan fure ba. Manajoji dai za su ce kwastoma na tsoron harbi. Ƙudan zuman da ke kan fure kiwo take yi, ba ta da lokacin kowa, sai in amyarta ka taɓa.