Biskit ɗin Man Shanu na Faransa a Gwangwani: Tambayoyi da Amsoshi kan Tsarabar Matafiya

Wane irin biskit ne wannan da masu dawowa daga Faransa ke yawan riƙowa?

Mafi yawansa daga Bretagne yake, yankin bakin teku da ke arewa maso yammacin ƙasar. Kayan haɗinsa ba yawa: fulawa, sukari, ƙwai, gishiri, sai man shanu wanda ba a yi masa rowa ba. Iri biyu suka fi shahara. "Galette" siriri ne mai garas-garas, "palet" kuwa mai kauri ne, da ka gatsa sai ya marmashe a baki kamar yashi mai laushi. Ni dai palet nake so, musamman da shayi marar sukari da yawa, domin biskit ɗin ya riga ya ɗauki nasa zaƙin.

Me ya sa ake jin ɗan gishiri a cikinsa?

Wannan tarihi ne. A zamanin sarakunan Faransa akwai harajin gishiri mai nauyi da ake kira "gabelle", amma an ɗauke wa Bretagne shi. Ga kuma gishiri a ƙofar gida, ana samar da shi a fadamun Guérande. Sai mutanen yankin suka saba da zuba gishiri a man shanunsu don ya daɗe bai lalace ba, al'adar ta bi su har cikin biskit. Wannan ɗan gishirin da ke biyo bayan zaƙi shi ne ke sa hannu ya ƙi barin gwangwanin.

Waɗanne sunaye ne aka sani?

Akwai Traou Mad na garin Pont-Aven, tun 1920. Sunan da harshen Breton ne, ma'anarsa "abubuwa masu kyau". Akwai St Michel da ya faro a 1905, da La Mère Poulard mai ɗauke da sunan Annette Poulard, wadda ta buɗe masauƙi a Mont-Saint-Michel a 1888. A Nantes kuma, biskit ɗin Petit Beurre na kamfanin LU ya fito a 1886, yana da haƙora 52 a gefensa da huji 24 a tsakiya.

To, gwangwanin fa? Ba kuɗin banza ba ne?

Gaskiya ya fi na kwali tsada. Amma biskit mai man shanu da yawa ba ya jure matsi. Saka na kwali cikin akwati tsakanin takalma da atamfa, ka isa Yamai ko Kano ka tarar ya zama gari. Gwangwani yana kare shi daga karyewa da kuma danshi. Sannan ga zanen da ke jikinsa: jiragen ruwa, hasumiyar fitilar teku, ko mata sanye da farar hular gargajiyar Bretagne. Idan biskit ya ƙare, gwangwanin bai ƙare ba. Wanda na kai wa mahaifiyata har yanzu yana kan durowarta, cike da allura da zare da maɓallai, kuma duk jikan da ya buɗe shi da sa rai sai ta yi masa dariya.

Me zan duba kafin in saya?

Nemi kalmomin "pur beurre" a jiki, wato man shanu zalla, ba gaurayen man itatuwa ba. Karanta jerin kayan haɗi, domin akwai nau'o'in da ake ɗanɗana su da barasa. Idan ka ga "rhum" ko "alcool", kada ka saya. Duba ranar da aka rubuta a ƙasan gwangwanin. Manyan kantunan cikin gari sun fi filin jirgi sauƙin farashi nesa ba kusa ba.

Idan na iso gida, yaya zan adana shi?

Zafi ne abokin gabarsa. Kada a bar shi cikin mota ko kusa da taga, man zai canza wari. A rufe murfin sosai, kuma duk ledar da aka buɗe a cinye ta cikin 'yan kwanaki.