Quotidian: ma'anarta da yadda ake amfani da ita

Quotidian kalmar Turanci ce, sifa ce, ana furta ta kamar "kwotidiyan" da nauyin murya a kan "ti". Ma'ana biyu gare ta kuma manne suke da juna: abin da ke faruwa kullum ba fashi, sai kuma abin da aka saba da shi har ya daina ɗaukar hankalin kowa, irin su shara da wanke-wanke da cefane da jiran mota da sassafe, wato dai harkokin yau da kullum.

Asalinta Latin ne, daga quotidianus, ita kuma daga quotidie mai nufin kowace rana, in ka fasa ta za ka ga quot wato "nawa" da dies wato "rana". Ta shigo Turanci tun ƙarni na 14 ta hanyar tsohon Faransanci, kenan ta haura shekara 600 a harshen amma har yau ba ta sauko bakin mutanen titi ba.

Nan ne ma abin dariyar yake. Kalma ce da ke nufin abu gama-gari amma ita kanta ta manyan 'yan boko ce, Bature a kasuwa ko a gida daily ko everyday zai ce, quotidian sai a maƙalar jarida ko sharhin adabi ko rubutun jami'a, kamar a ce "quotidian life" ko "quotidian tasks". In ka jefa ta a hirar WhatsApp za a ce kana iyayi ne, kuma gaskiya da ɗan ƙamshin hakan. Ana yawan haɗa ta da mundane, amma ba ɗaya ba ne. Mundane daga mundus ta fito wato duniya, kuma tana ɗauke da raini, abin gundura marar armashi. Quotidian ba lallai ta raina abu ba, maimaituwar take nunawa, shi ya sa marubuci zai ɗauke ta in yana son nuna kyawun ƙananan abubuwan da ake yi kullum.

Inda ta fi daɗewa da aiki shi ne wajen likitoci. Tun kafin a san sauro ne ke kawo maleriya suna rarraba masassara da lokacin da take dawowa: quotidian ita ce mai dawowa duk bayan awa 24, tertian duk awa 48, quartan kuma awa 72. Lissafin zai ɗan rikita mutum don irin ƙirgen Romawa ne, ana haɗawa da ranar farko, shi ya sa mai tsallake kwana ɗaya aka kira ta tertian, wato "ta uku". Daga baya aka gano ƙwayar cutar ce ke fasa jajayen ƙwayoyin jini a wannan tsakanin, kuma kowane nau'in ƙwayar da lokacinsa: Plasmodium vivax da ovale awa 48, malariae awa 72, knowlesi kuma wadda asalinta ta birai ce a kudu maso gabashin Asiya awa 24 take yi, ita ce cikakkiyar quotidian. A 2004 aka ba da rahoton ta kama mutane da yawa a Kapit da ke Sarawak ta ƙasar Malesiya.

A Faransanci kuwa labarin daban ne, quotidien kalmar kowa da kowa ce, har jaridar da ke fitowa kullum haka ake kiranta, don haka 'yan Nijar masu karanta jaridar Le Sahel sun san ta tun tuni, ɗan Kano da ya yi boko da Turanci kuwa sai ya gama sakandare bai taɓa cin karo da ita ba. Akwai ma gidan burodi Le Pain Quotidien da aka buɗe a Brussels a 1990, sunan na nufin burodin yau da kullum, lafazin da ke cikin addu'ar Kiristoci, wanda a Latin yake panem nostrum quotidianum.