Ba Kowane Abin Tsotse Danshi Ne Ya Dace da Samfurin Iskar Gas Ba

An daɗe ana ɗauka cewa kafin a saka samfurin iskar gas cikin na'urar kuromatogirafi, wadda ke rarrabe sinadaran da ke cikin gas ta auna yawan kowanne, duk abin da zai tsotse danshinsa ya wadatar. Ba haka ba ne.

Danshi kam matsala ne. Idan tururin ruwa ya shiga bututun rarrabewa mai ɗauke da zeyolait (wani ma'adini mai ƙananan ramuka) nau'in 5A, sai ya cike ƙananan ramukansa, oksijin da naitirojin su fara fitowa a cakuɗe, har sai an gasa bututun ya farfaɗo.

Sai dai mai tsotsar ruwa ba ya tsayawa kan ruwa. Zeyolait na kama iskar CO2 da H2S da ke cikin samfurin, silika jel (wani abin tsotse danshi) kuwa na riƙe sinadaran gas masu nauyi. To, da yake ana daidaita sakamako zuwa kashi 100, sai adadin mitan (methane, babban sinadarin gas ɗin) ya kumbura saboda an rage sauran, lissafin ƙarfin zafin gas ɗin ya karkace, alhali a kansa ake ciniki. Sanyaya samfurin ma, wanda wasu ke gani dabara ce, na mai da sinadaran masu nauyi su zama ruwa tare da danshin.

Bututun Nafion, wani nau'in roba da ke fitar da danshi ta jikinsa, ya fi iya zaɓen abin da zai cire, amma shi ma yana kwashe metanol da amoniya.