Waiwaye: kwanakin jinya da namoniyar da ba ta jin magani

Tun a 1945, shekarar da ya karɓi kyautar Nobel, Alexander Fleming, wanda ya gano maganin fenisilin, ya ja kunne cewa shan fenisilin ƙasa da kima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Haka kuwa aka yi. A 1967 aka samu ƙwayar namoniya, wato cutar huhu, mai taurin kai ga fenisilin a Ostireliya. A 1977 kuma Afirka ta Kudu ta ga wadda ta gagari magunguna da dama, akasari a jikin yaran da ke kwance a asibiti.

Sannu a hankali likitoci suka koma ƙirga kwanaki. Namoniyar da ta taso bayan awa 48 da ba mutum gado, ta asibiti ce. Ƙa'idar da likitocin huhu na Amurka suka fitar a 2005 ta ja layi: wadda ta zo cikin kwana huɗun farko takan ji magani, daga kwana na biyar kuwa a yi zargin mai bijirewa. Dalilin a fili yake. Allurar kashe ƙwayoyin cuta da ake yi wa majinyaci tana share ƙwayoyi masu rauni, sai masu taurin kai irin su Klebsiella da Pseudomonas su samu fili a maƙogwaro, sun biyo hannu, ko zanen gado, ko robar na'urar numfashi. Su kuma idan sun kama huhu sai sallama ta yi nisa. Daɗewa na jawo su, su ma suna jawo daɗewa, shi ya sa raba sanadi da sakamako ke ba masu bincike wuya.

A 2016 aka sake duba ƙa'idar. Nauyi ya koma kan ko an yi wa mutum allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin kwana 90 da suka wuce, aka kuma ce maganin kwana bakwai ya wadatar ga mafi yawa.

Wannan gyaran, a ganina, ya fi dacewa da Kano. Kafin mai tari da zazzaɓi ya isa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, sau tari ya sha kafso rabin kati daga kemis, an yi masa allura biyu ko uku a unguwa, aka daina da jiki ya ɗan yi sauƙi. Idan likita ya tambayi sunan maganin, sai mai jinya ya ce "ja da yalo ne", kwalin kuwa an yar. Gwajin majina da zai nuna maganin da ƙwayar ke ji yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, ga kuɗi, don haka kafin sakamako ya fito likita da hasashe yake aiki.