Karbon ba sharbon ba ne: mene ne "kama karbon"?

Shekaranjiya a Tawa na ji wani mai gabatar da shiri a rediyo yana cewa kama karbon shi ne hana mata girki da gawayi. Ran nan kuma wani ɗan siyasa ya ce tace ƙurar masana'anta ke nan. Abin ya dame ni ƙwarai, don duka biyun kuskure ne.

Na san inda ruɗanin ya fito. A Faransanci gawayi sharbon ne, sinadarin kuma karbon, duka daga kalmar Latin guda, karbo, wato gawayi. Amma abin da ake son kamawa iska ce marar launi marar wari, CO2, mai ɗauke da karbon a cikinta, mai ƙara ɗumamar duniya. Baƙin hayaƙin da ido ke gani daban ne.

Ku dubi siminti, tun da ga masana'antar siminti ta Malbaza nan kusa da mu. Dutsen farar ƙasa da ake fasawa don yin siminti, wajen kashi 44 cikin ɗari na nauyinsa wannan iskar ce a daskare. In ya sha wuta ya kai digiri 900 sai ta fice. Ko da hasken rana aka gasa shi, sai ta fita. Shi ya sa siminti ke da kusan kashi 8 cikin ɗari na CO2 ɗin da ɗan Adam ke fitarwa.

To, ƙurar da ke taruwa a tanderun da ake gasa dutsen, wadda aka saba zubarwa, tana ɗauke da gasasshen dutsen nan, shi kuwa ƙishin iskar da ya rasa yake yi. A jiƙa ƙurar, a bi da hayaƙin tanderun ta cikinta, sai iskar ta kama ta koma dutse. Duk wanda ya taɓa shafe bango da gasasshiyar farar ƙasa gabanin salla ya ga hakan: da yamma ruwa-ruwa ne, bayan kwanaki ya yi fari fat ya ƙanƙame, don ya sha iskar. Dutsen da ya samu haka ba ya yoyon iskar, ba ya bukatar mai gadi.

Ina son dabarar har raina. Sai dai ƙurar kaɗan ce. Tan guda na gasasshen dutsen siminti yana sakin wajen rabin tan na CO2 daga dutsen kawai, ban da na makamashi. Ƙurar ba za ta shanye ko kusa da wannan ba. Don haka in mai kamfani ya ce yana kama karbon, a tambaye shi tan nawa ya kama, tan nawa ya saki.